Faɗuwa, Karaya da Kwantai: Sharhi a Kan Fassarar Kalma Mai Ma'ana da Yawa, da Misalai Daga Kasuwar Illela

1.0 Gabatarwa

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana bin masu aikin fassara da masu tsara keɓaɓɓun kalmomi a Hausa, watau neman wa kowace baƙuwar kalma abokiyar zama guda ɗaya tak, a jera su gefe da gefe kamar an ɗaura musu aure, sa'an nan a ɗauka an gama aiki. Wannan hanya tana biyan bukata idan kalmar sunan abu ce wanda ake iya nunawa da yatsa. Amma idan kalma ce mai yawo a fannoni dabam-dabam, kowane fanni da abin da yake nufi da ita, to hanyar takan kai mai sauraro ga fahimtar da ba ita aka nufa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan wannan ɗabi'a ta hanyar bin sawun kalma ɗaya ta Ingilishi, watau slump. Masana tattalin arziki suna amfani da ita, haka injiniyoyin gini da masana labarin ƙasa da 'yan jarida da masu sharhin wasanni. A rubuce-rubucenmu da labaranmu na Hausa kuwa, galibi da kalmar faɗuwa ake tarbar ta, ko kuma karyewa idan an so a ƙara mata nauyi. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin da za su bambance waɗannan ma'anoni ba. Hasali ma ta bambance su fiye da yadda Ingilishi ya yi, domin aikatau na Hausa yakan faɗa mana abin da ya yi ƙasa, da wanda ya jawo, da kuma wanda abin ya yi wa daɗi ko ciwo. Mafi yawan misalanmu daga harshen kasuwar Illela za su fito.

2.0 Dalilin Zaɓen Illela

Illela gari ne na kan iyaka a Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato. 'Yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ta ratsa tsakaninsu ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamunta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Mutanen garuruwan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi, ta yi suna wajen dabbobi da hatsi da albasa.

Abin da ya sa irin wannan wuri ya dace da nazarinmu shi ne kuɗi iri biyu ke yawo a cikinsa, Naira da Sefa, kuma dokokin gwamnatoci biyu ke aiki a kansa. Saboda haka duk abin da ya yi ƙasa a wannan tsallake yana da wanda ke kallonsa daga wancan tsallake, kuma dukansu biyu da Hausa za su ba da labarinsa. Ya kamata a lura cewa mun rubuta misalan da daidaitacciyar Hausa, ko da yake a bakin mutanen yankin abin da za a ji shi ne hwaɗi da kassuwa da kuɗɗi, kamar yadda aka sani a karin harshen yamma.

3.0 Harshen Kasuwa

A kasuwa abubuwa huɗu ne ke iya yin ƙasa: farashi, da ita kanta kasuwar, da ɗan kasuwa, da kuma kuɗin da ake ciniki da su. Kowanne da aikatau ɗinsa.

3.1 Farashi

Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Gero ya sauko.
(2) Gero ya yi sauƙi.
(3) Albasa ta faɗi.
(4) Albasa ta karye.
(5) Dillalai sun karya albasa.

A ido dukansu labari ɗaya suke bayarwa, watau abin da ake biya jiya ya fi na yau. Amma ba mutum ɗaya ke faɗinsu ba. Jimla ta (1) da ta (2) maganar mai saye ce. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, sauko yana cikin aji na shida, mai ƙarewa da wasalin -o, wanda ke nuna cewa aikin ya nufo inda mai magana yake. Magidancin da ya ce gero ya sauko yana nufin farashin da ya yi masa nisa a sama ya gangaro inda hannunsa zai kai. Kalmar sauƙi kuwa ita ce dai wadda muke yi wa majinyaci fata da ita. Ke nan a wurin mai saye tsada ciwo ce, araha kuwa waraka.

Jimla ta (3) da ta (4) maganar manomi ce ko mai sari. Albasar yankin Ƙonni da Galmi da ta fadamun Sakkwato takan cika kasuwa lokacin cirarta da rani, farashinta ya yi ƙasa, sa'an nan ya riƙa hawa zuwa ƙarshen shekara. Wannan ne ya sa mai hali yakan adana tasa a rudu ya jira. Idan ya ce ta faɗi, yana nufin ta yi ƙasa da inda ya sa rai, amma abin bai wuce yadda aka saba gani kowace shekara ba. Idan ya ce ta karye, to abin ya zo ne farat ɗaya, kuma ya kai inda kuɗin taki da na ban-ruwa da na mota ba za su fito ba. Jimla ta (5) ta ƙara wani abu da sauran ba su da shi, watau mai aikatawa. Karye aikatau ne ƙi-karɓau, yana ba da labarin abin da ya auku. Karya kuwa so-karɓau ne, ba ya tsayawa sai da wanda ya yi aikin. Duk wanda ya zaɓi karya a maimakon karye ya riga ya ɗora laifi a kan wani.

3.2 Kaya da Kasuwa

(6) Raguna sun yi kwantai.
(7) Kasuwa ta yi sanyi.
(8) Kasuwa ta mutu.

Kwantai ba faɗuwar farashi ba ne. Kaya ne suka wuni, suka kwana, ba a saye su ba. Mai raguna da ya kai su kasuwa gab da Babbar Salla yana iya ƙin sallamawa har ranar idi ta wuce, farashin da yake faɗi bai ragu ko kwabo ba, amma ragunansa sun yi kwantai. Sanyin kasuwa kuwa ƙarancin ciniki ne na ɗan lokaci, kamar yadda akan gani a tsakiyar damina idan jama'a suna gona kuma aljihu ya bushe. Mutuwar kasuwa ita ce ɗaukewar ƙafar jama'a baki ɗaya.

Tarihin Illela na kusa ya nuna muhimmancin wannan bambanci. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Afrilun 1984 zuwa Maris ɗin 1986. An sake rufe su a Agustan 2019, har zuwa 16 ga Disamba 2020, lokacin da aka buɗe guda huɗu: Seme da Mfum da Maigatari da Illela. A tsakiyar wannan rufewa ta biyu, a Nuwamban 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe ta. A irin waɗannan lokuta ciniki yakan ɗauke a garin kan iyaka, direbobi da 'yan dako da masu abinci su rasa abin yi, alhali kuwa farashin kayan da ke shigowa hawa yake yi, kamar yadda shinkafa ta yi a 2019. Watau kasuwa ta mutu, kaya kuma sun yi tsada, a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Mai fassarar da ya ce kasuwa ta faɗi bai gaya wa mai sauraro ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mai saye zai iya ɗauka araha ta samu, ya tafi ya tarar da akasin haka.

3.3 Ɗan Kasuwa

(9) Ya faɗi a wannan tafiya.
(10) Ya karye.
(11) Ya karaya.

Wanda ya faɗi a wata tafiya asara ya yi a saye ɗaya, uwar kuɗinsa ta taɓu amma tana nan, mako mai zuwa za a gan shi a kasuwa. Wanda ya karye kuwa jarinsa ne ya ƙare, wannan ita ce karayar arziki. Hoton da ke cikin kalmar na ƙashi ne: wanda ya faɗi yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa da kansa, amma wanda ya karye sai an ɗauke shi, sai an yi masa ɗori, sai ya yi jinya. Shi ya sa idan fatake ya karye ake sa ran ubangidansa ko 'yan'uwansa su haɗa masa wani jarin. Jimla ta (11) daga saiwa ɗaya ta fito da ta (10), amma a aji na uku take, kuma a zuciya aikin ya auku. Mutum yana iya karyewa bai karaya ba, yana kuma iya karaya tun jarinsa bai ƙare ba. Saiwa ɗaya ke nan ta ba mu karya da karye da karyar da da karaya, kowanne da gurbinsa.

3.4 Kuɗi

A nan ne zaman Illela a kan iyaka ya fi amfanar mai nazari. Tun da aka fito da Naira a ranar 1 ga Janairun 1973, darajarta a gaban Sefa ta sha hawa da sauka. Sefa a ɗaure take: da farko da kuɗin Faransa, daga 1999 kuma da Yuro, a kan Sefa 655.957 kowace Yuro ɗaya. Naira kuwa an sassauta mata linzami a Satumban 1986, aka kuma sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, inda Dala ɗaya ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Mu dubi yadda za a ba da labarin irin wannan:

(12) Naira ta faɗi.
(13) Sefa ta hau.
(14) An karyar da Sefa.

Jimla ta (12) da ta (13) abu ɗaya suke nufi a teburin ɗan canji, amma ba abu ɗaya ba ne a rayuwar mutane. Baƙonne da ya zo sayen kayan masarufi da Sefarsa riba ya samu, domin jakarsa ɗaya ta sayi abin da ya fi na da. Ɗan'uwansa da ya koro shanu ya sayar da Naira kuwa, idan ya canza kuɗin sai ya ga sun ƙanƙance, dole ya ɗaga farashi ko ya nemi wata kasuwar. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa faɗuwar wani tashin wani.

Jimla ta (14) ta bambanta da biyun farko. A Janairun 1994, a wani taro da aka yi a Dakar, aka yanke shawarar rage darajar Sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa Sefa 50 ya koma Sefa 100. Wannan ba faɗuwa ba ce, domin faɗuwa ba ta da mai aikatawa. Mutane ne suka zauna suka sa hannu a takarda, aka kwana da daraja ɗaya aka tashi da wata. Aji na biyar na aikatau, mai ɗauke da -ar da, shi ke riƙe da wannan ma'ana. Masana tattalin arziki suna da kalmomi biyu dabam domin raba ragin da hukuma ta yi da gangan da wanda kasuwa ta jawo. Nahawun Hausa ya riga ya raba su ba tare da aron komai ba. Duk marubucin da ya ce Sefa ta faɗi a 1994 ya share hannun waɗanda suka yi aikin daga cikin tarihi, ko da bai yi niyya ba.

4.0 Sauran Fannoni

4.1 Gini

A wurin injiniyan gini kalmar da muke magana a kai sunan wani gwaji ne da ake yi wa kwaɓin kankare kafin a zuba shi. Akan cika wani mazubi na ƙarfe mai siffar mazurari a kife, tsawonsa santimita 30, faɗin gindinsa 20, na bakinsa 10. Akan cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, sa'an nan a zare mazubin sama a hankali, a auna yawan abin da tulin ya sauka. Idan ya sauka kaɗan ya tsaya da siffarsa, kwaɓin yana da ƙarfi. Idan gefe ɗaya ya zame, haɗin bai kama juna ba. Idan ya baje gaba ɗaya, ruwa ya yi yawa. Saukar a nan awo ce kawai, kuma kowane irin aiki da gwargwadon saukar da ake so. Birkila a Illela ba ya rasa yadda zai faɗi wannan: kwaɓi ya yi ruwa, ya yi tauri, ya yi daidai. Idan malamin makarantar koyon sana'a ya ce wa ɗalibansa gwajin faɗuwar kankare, abin da zai zo musu a rai shi ne gini ya rushe. Awon saukar kwaɓi ko gwajin laushin kwaɓi ya fi kusa da abin da ake nufi.

4.2 Labarin Ƙasa

Masanin labarin ƙasa yana amfani da kalmar ne idan wani ɓangare na gangare ko gaɓar gulbi ya yanke ya zame ƙasa a dunƙule, yana ɗan kishingiɗa baya, galibi bayan ruwa ya ci ƙarƙashinsa. Manoman bakin gulbin Rima da masu haƙar rijiya suna da jerin kalmomi a nan. Zaizaya cin ƙasa ne kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Zaftarewa yankewar babban ɓangare ce a lokaci ɗaya. Ruftawa faɗawar abin da ke sama ce cikin rami, kamar rijiya ko rufin soro. Burmawa kuwa ta ƙasa ce mai rami a ƙarƙashinta. Daga cikinsu zaftarewa ce ta dace, kuma kuskure ne babba a haɗa ta da zaizaya a littafin makaranta, tun da dalilinsu da maganinsu ba ɗaya ba ne.

4.3 Jikin Mutum

A Ingilishin jaridun Nijeriya kalmar ta fi fitowa ne idan mutum yana tsaye ko yana zaune sai kwatsam ƙarfinsa ya ɗauke. A nan masu fassara sun fi dacewa, domin kusan kowa yakan ce ya yanke jiki ya faɗi. Abin lura shi ne ba kalma ɗaya suka yi amfani da ita ba, jimla ce sukutum, kuma ba wanda ya ga aibin haka. Wannan ya isa hujja cewa ba dole ne kalma ta haifi kalma ba. Akwai kuma sulalewa ga wanda ya zame a hankali daga kujera ko jikin bango, da zubewa ga wanda ya tafi ƙasa gaba ɗaya, da langaɓewa ga wanda wuyansa ko jikinsa ya saki.

4.4 Wasanni

Mai sharhin wasanni yana nufin wani tsawon lokaci ne da gwani ya kasa yin abin da aka san shi da shi. A ƙasar kokawa irin wannan, inda gasar ƙasa ta Nijar ta fara a Tawa a 1975, faɗuwa tana da ma'ana tsayayya: kaye ne guda ɗaya wanda ke raba gardama a fage. Ɗan kokawa yana iya shan kaye yau alhali yana kan ganiyarsa, wani kuma yana iya shekara biyu yana ja da baya ba a kayar da shi a gida ba. Abin da ya dace a nan shi ne a ce ƙarfinsa ya ja baya, ko tauraronsa ya dusashe.

5.0 Tattalin Arzikin Ƙasa

Inda ruɗanin ya fi yawa shi ne a labaran tattalin arziki. A cikin mako ɗaya mai sauraro yana iya jin karayar tattalin arziki, da koma-bayansa, da durƙushewarsa, da taɓarɓarewarsa, da matsinsa, duk a kan abu ɗaya, kamar dai kalmomin 'yan'uwan juna ne da za a iya musanyawa domin gudun maimaici. Su kuwa masana fannin matakai suke da su. Akwai lokacin da arzikin ƙasa ke ƙaruwa amma ba da saurin da ba. Akwai lokacin da abin da ƙasa ke samarwa ya ragu rubu'in shekara biyu a jere, kamar yadda ya faru a Nijeriya a 2016, bayan gangar ɗanyen mai ta sauko daga sama da Dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da Dala 30 a Janairun 2016, ya kuma sake faruwa a 2020. Akwai raguwa mai zurfi ta ba-zata. Akwai kuma irin abin da ya fara a Amurka a 1929 ya game duniya shekaru da dama, har ya karya farashin gyaɗa a Kano.

Idan muka bi hotunan da ke cikin kalmominmu, za mu ga su ma hawa-hawa ne. Mai tafiyar hawainiya yana gaba, sai dai ba sauri. Mai komawa baya ya rasa wani abu daga tazarar da ya ci, amma yana kan ƙafafunsa. Wanda ya durƙushe gwiwarsa ta kai ƙasa, yana iya miƙewa idan an rage masa kaya. Wanda ya karye kuwa, kamar yadda muka gani a 3.3, sai ɗori da doguwar jinya. Saboda haka muna ba da shawarar a jera su kamar haka: tafiyar hawainiya, koma-baya, durƙushewa, karaya. Taɓarɓarewa ba mataki ba ce, lalacewar tsari ce wadda ba a auna ta da lissafi. Matsi kuwa abin da talaka ke ji ne a jikinsa, yana kuma iya kasancewa ko da alƙaluman hukuma suna nuna ci gaba. Idan muka kira abin da ya faru a 2016 karaya, alhali raguwar ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, me za mu kira na 1929?

Akwai wani abin kuma da ya kamata masu tsara kalmomi su yi la'akari da shi. Jama'a ba su cika tuna irin waɗannan lokuta da sunan fanni ba, suna suke raɗa musu. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana kiran ta Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985, wadda fari ya haɗu da rufe iyaka, mutanen Nijar sun laƙaba mata El-Buhari. Sunan da kansa ya nuna inda suka ga hannun mai aikatawa. Wannan ita ce dai ɗabi'ar da muka gani a tsakanin karye da karya: Bahaushe yana son ya san ko abu aukuwa ya yi ko aikata shi aka yi.

6.0 Ina Laifin Yake?

Ba za a ce manyan ƙamusoshinmu ne suka jawo wannan ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya tattaro kalmomi daga karuruwan harshe da dama, har da na Sakkwato da Katsina, yana nuna inda kowace ta fito. Na R. C. Abraham na 1949 ya shahara da yawan jimlolin misali, inda ake ganin aikatau tare da sunayen da yake tafiya da su. Na Roxana Ma Newman na 1990, daga Ingilishi zuwa Hausa, yakan rarraba ma'anonin kalma gwargwadon muhallinta. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma ya ba mu damar bayyana Hausa da Hausa. Kayan aiki dai akwai su.

Matsalar tana wurare uku. Na farko, jerin kalmomi mai layi biyu, baƙuwa a hagu, ta gida a dama, ba shi da wurin da za a sa jimla, alhali ma'anar aikatau a cikin jimla take. Faɗi kaɗai ba ya cewa komai sai an san me ya faɗi: rana ce, ko gaba, ko ɗalibi a jarrabawa, ko ɗan takara a zaɓe. Haka karye: alwala ce, ko ƙafa, ko gada, ko attajiri. Na biyu, gaggawar ɗakin labarai takan sa a cafki kalmar da ta fara zuwa baki, kuma abin da aka ji a rediyo sau goma yakan zama ƙa'ida. Na uku, kuma wannan ya shafi sassan Hausa na jami'o'inmu, yawancin zaman tsara kalmomi a ɗakin taro ake yin sa, tsakanin masana harshe da masana fanni, ba a cika gayyatar dillali da birkila da ɗan canji ba, alhali su ne ke amfani da waɗannan kalmomi kullum, kuma kuskure a wurinsu asarar kuɗi ce.

Mai yiwuwa a ce ilmin kimiyya ba ya yiwuwa sai kowace ma'ana tana da kalma ɗaya tsayayya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya sa aiki irin na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya yi amfani ƙwarai. Amma sirrin nasararsa shi ne ya tsaya a fanni ɗaya. Ƙa'idar ita ce ma'ana ɗaya, kalma ɗaya, a cikin fanni ɗaya. Ba ta ce kalmar Ingilishi ɗaya, kalmar Hausa ɗaya, a duk fannoni ba. Tara ma'anoni biyar a kan kalma guda al'amari ne da ya shafi tarihin Ingilishi, ba wajibi ne Hausa ta gaje shi ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa abin da Ingilishi ya ɗora wa kalma ɗaya Hausa ta raba shi ga aikatau masu yawa, kuma rabon ba na banza ba ne. Yana bin tambayoyi huɗu: me ya yi ƙasa, da sauri ko a hankali, da kansa ko wani ya jawo, kuma daga bakin wa labarin ya fito. Muna ganin duk mai fassara ya kamata ya amsa waɗannan kafin ya zaɓi kalma. Muna kuma ba da shawarar duk wani jerin keɓaɓɓun kalmomi da za a tsara nan gaba ya ƙunshi sunan fanni da jimlar misali a gaban kowace kalma.

Ga ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, fagen a buɗe yake. Kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari, da takwarorinsu na Ƙonni da Maraɗi, cike suke da kalmomin ciniki da canji da dillanci waɗanda suka cancanci a tattara su da muhallinsu, a kwatanta yadda mai Naira da mai Sefa suke amfani da su. Yin haka zai amfani malamin aji da ɗan jarida da mai rubuta ƙamus, zai kuma sa manomin da ya kunna rediyonsa ya ji labarin kasuwa ya san ko buhunansa zai ɗaura ya kai, ko kuwa ya bar su a rumbu ya ƙara jira.